Murfin Kwanon Gwaggo Monika

Tun da na dawo daga Umara malaman makarantarmu suka hana ni sakat. Wannan ta ce yaya Makka, waccan ta ce da gaske ne tuwon can ya fi namu? Na gaji da maimaita labari ɗaya a ofis, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in yi aikin hedimistires. Amma ku sani tun yanzu, saƙo biyu ne ya kai ni. Ɗaya tsakanina da Ubangijina ne, wannan ba na bayarwa ba ne. Ɗayan na Gwaggo Monika ne.

Kakanmu Bamaguje ne a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. Babana ya musulunta, ƙanwarsa kuma ta bi Fada aka yi mata baftisma da suna Monika. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, da Sallah mu miƙa musu, da Kirsimeti su miƙo mana. Gwaggo 'yar Katolika ce ta ƙin ƙarawa. Ba ta cin nama ranar Juma'a duk shekara, ko da aka ce an sassauta. In ƙararrawar coci ta buga sha biyun rana sai ta saki muciya ta tsaya addu'a, tuwo ya yi gudaji in ya ga dama.

'Yarta ta fari ita ce Lami, taubashiyata, wadda muka tashi muna tsokanar juna. Saboda kunyar ɗan fari Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce mana "'yar taku". Shekara ashirin da huɗu ke nan Lami ta ga wani tela Musulmi ta ce shi take so, ta musulunta da ƙafarta. Katikis ɗin ƙauyen na lokacin, wato malamin da ke koyar da addininsu, ya tashi a coci ya ce duk uwar da ta sa hannu a irin wannan aure za a hana ta karɓar Jibi, wato gurasar nan da Fada ke ba su lokacin Mas, wadda a wurinsu babu abin da ya kai ta girma. Gwaggo ta zaɓi Jibi. Ranar biki ta kulle ɗakinta ta tafi coci, kwanukan da ta yi shekara goma tana tara wa Lami suka zauna a ƙarƙashin gado. Daga baya Lami da mijinta suka tafi Umara, ba su dawo ba. Sau ɗaya ta bugo wayar wani mai shago, aka ɗauko Gwaggo a mashin, ta ce mata ta haifi ɗa namiji. Abin da ya fara fitowa daga bakin Gwaggo shi ne, "Za a yi mashi baftisma?" Lami ta kashe wayar. Ba mu sake jin muryarta ba.

Shekara bakwai da suka wuce sai Gwaggo ta daina tashi in ana karɓar Jibi. Ta ce wanda ya ɓata wa wani, ya fara zuwa ya shirya da shi kafin ya tunkari bagade, wato teburin da Fada ke ba da Jibi. Sabon Fadansu, yaro mai haƙuri, ya yi lallashi har ya gaji. Ya ce ta riga ta furta laifinta an gafarta, ya ce wancan katikis ɗin ma ya wuce gona da iri, dokar coci ba ta nemi ta hukunta kanta haka ba. Ta dube shi ta ce, "Fada, da aka yi abin nan kana goye."

Bara ciwo ya kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura. Da ta ji zan tafi Umara ta aiko a kira ni.

"Kulu," ta ce, "ina tsoron in mutu ban karɓa ba. Kuma ba ni karɓa sai 'yar taku ta ce ta yahe."

"Gwaggo, Fadanki ya ce ki karɓa. Kin fi shi sanin addinin ne?"

"Na hi shi sanin abin da na yi."

Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. A ganina taurin kan da ya kore 'yar shi ne yanzu yake neman kashe uwar. Amma na ɗauki alkawari, kuma waɗanda suka yi aiki da ni sun san in na ce zan yi abu, sai dai in ƙasa ta tsage. Ta sa aka jawo samira ɗaya mai murfi daga cikin kwanukan nan, aka cika ta da daddawa da kuka. A gindinta da murfinta akwai ɗigo uku na shuɗin fenti, alamar da Gwaggo ke yi wa kayanta don kada su ɓace a gidan biki. Na yi zaton za ta cusa mini carbinsu a ciki, har na shirya musu. Ita da kanta ta ce a'a, kada Lami ta ɗauka ƙugiya aka sa mata a cikin tsaraba. Sai ta ba ni wata tsohuwar ambulan, an rubuta adireshin Lami na Makka a kai: unguwar Nakkasa, bayan gidan burodi.

Cikin Sha'aban muka tashi daga Kano, su Gwaggo kuma suna tsakiyar azuminsu na kwana arba'in. A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya Basakkwata, 'yar kasuwa, wadda ta ce zuwanta na tara ke nan. Tun kafin mu bar sararin Najeriya ta ja hanci ta ce, "Malama, ke ka ɗauke da daddawa?" Na ce tana cikin akwati a ɗakin kaya na jirgi. Ta ce to ta riga ta kama mayafina. Da matuƙi ya sanar mun zo daidai miƙati, maza suka miƙe da harami ana ta Labbaika, ni ma na ɗaura niyya, ina fata mala'iku ba su da hancin Hajiya.

A Jidda layin duba fasfo bai ba ni wahala ba, yatsu aka ɗauka da hoto aka ce in wuce. Wurin duba kaya ne aka tsayar da ni. Ma'aikacin ya kwance leda uku, ya ɗaga murfin samira, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya yi Larabci, na yi Hausa, ya ƙara Larabci, na yi masa Turancin aji shida. Ya kira na biyu, shi ma ya shinshina ya toshe hanci. Na rungume kwanon na ce wallahi sai dai su mai da ni Kano tare da shi. Hajiya ce ta dawo ta cece ni, ta yi musu nuni da tukunya da ludayi tana cewa maraƙ, maraƙ, wato miya. Na biyun ya yi dariya ya ce, "Yalla, ya hajja," yana kore ni da hannu. Ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.

A hanyar Makka akwai wani babban allo da ya raba titi biyu, ya nuna inda wanda ba Musulmi ba zai ratse. Na sha jin labarinsa, amma da na gan shi sai Gwaggo ta faɗo mini a rai. Ko da tana da lafiya da guzuri, nan tafiyarta za ta ƙare. Lami kuma ba ta da takardar zama, ba ta isa ta fito ta shingen 'yan sanda ba. Na ƙara riƙe jakata.

Masaukinmu a Misfala yake, mu huɗu a ɗaki, hawa na sha ɗaya. Ranar farko na shiga lifta na fita a hawan da ba namu ba, na yi ta murɗa ƙofar wasu 'yan Indunusiya har wata tsohuwa ta buɗe ta ba ni biskit don tausayi. Karin safe kullum gurasa ce mai faɗin faifai da dafaffen wake da aka dama da mai. Ba laifi, amma kwana uku sai ka fara mafarkin koko. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in an kira salla mai shago sai ya ja ƙyalle ya rufe kayansa ya tafi. A kasuwarmu ka yi haka ka dawo ka tarar da ƙyallen ma ya yi ƙafa.

Na yi Umarata. Da na ga Ka'aba na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar babana, kuma a nan na roƙi Allah Ya haɗa ni da Lami. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Washegari na ɗauki tasi zuwa Nakkasa. Direban ya kai ni gindin wani tsauni ya nuna mini fili, duwatsu da tarkacen gini da motocin rusau. Ba gidan burodi, ba bayansa. Wani dattijo Bahaushe da na tarar a inuwa ya ce mutanen wurin sun watse, in gwada unguwar Mansur.

Mansur kuwa sai ka rantse Fagge ce aka ɗauko aka ajiye. Masu tsire, masu fura, teloli, ana ta ciniki da Hausa ana yayyafa mata Larabci. Na ce abin nema ya samu. Sai na tafka wautar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Ina sanye da katin kamfanin jirgin yawo a wuya, ga tabarau, ga littafi da biro, ga tsohon hoton Lami, na riƙa bin shago shago ina tambaya kamar mai binciken makarantu. "Kun san wannan? Yaushe ta zo? A ina take kwana?" Kowa ya duba ya ce, "Wallahi ma a'rif, ban san ta ba." Wata mata ma da ta hango ni sai ta naɗe tabarmar kayanta ta shige lungu. Kwana biyu ina wannan, ƙafata ta yi bororo, kwanakin komawa suna ƙaratowa.

Rana ta uku yunwa ta zaunar da ni wurin wata tsohuwa mai tuwon shinkafa, 'yar Damagaram, ana ce mata Hajja Mai Tuwo. Ta bar ni na cinye tas kafin ta yi magana.

"Ɗiyata, ke ce mai hoto?"

Na ce ni ce.

"Duk Mansur an san da ke. An ce jawazat sun ɗauki mace aiki." Jawazat su ne masu kama marasa takarda. "Nan ba a tambayar mutum da suna. Wanda bai da igama, takardar zama, sunanshi shi ne wuyanshi. Ko ni na haife ta zan ce maki ban san ta ba."

Na ji kamar in nutse. Baƙo ko da ido makaho ne. Na cire katin na jefa a jaka, na kwashe labari tun daga kakanmu na faɗa mata, na fito da samira. Ta jujjuya ta, ta shinshina daddawar ta lumshe ido.

"Ga yadda muke yi," ta ce. "Ki bar wata alama. Za ta yi yawo hannu hannu, ba wanda zai faɗi suna. In da mai ita a garin nan, kuma tana son ganinki, za ta neme ki. In ba ta so, khalas, shi ke nan, ki yi haƙuri."

Na ce kwanon ba zai bar hannuna ba. Ta ce to in ba da murfin. Na ba ta, na ɗaure bakin samira da ɗankwali na koma masauki. Daddawa ba murfi a ɗakin mutum huɗu, ku tambayi Hajiya Basakkwata abin da ta gaya mini.

Kwana biyu ina zuwa ina cin tuwo ina komawa. Ana saura kwana biyu mu tashi, da hantsi, Hajja ta ce in bi wata mata mai niƙabi, kada in yi mata magana. Muka bi lunguna, muka hau matakala har numfashina ya kusa ɗaukewa, ta nuna mini wata ƙofa ta juya.

Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida. Wata mata tana tsugune gaban kasko tana suyar ƙosai na sayarwa, murfin yana kan cinyarta. Ta rame, ta yi furfura, amma wushiryar tana nan.

"Kulu mai kan kwakwa," ta ce. "Har yanzu ba ki yi tsawo ba?"

"Ke kuma har Makka ba ta raba ki da baƙin jini ba, baiwata."

Muka rungume juna muka yi kuka har ƙosai ya ƙone. A nan ake kiranta Ummu Yasir. Mijin ya rasu shekara tara ke nan, ɗan ya zama saurayi, yana aikin tantuna a Mina lokacin Hajji, Hausarsa ma sai a hankali. Ta tambayi kowa, har kuka ta bakin rafi, ban da mutum ɗaya. Da na ajiye samira a gabanta na ce Gwaggo ce ta aiko tana neman gafara, sai fuskarta ta rufe.

"Kwano ɗaya bayan shekara ashirin da huɗu? Ki mai da mata. Ta zaɓi abin da ta zaɓa, ta riƙe shi. Na haihu a garin da ban da kowa, Kulu, na kira uwata, ko sunan yaron ba ta tambaya ba."

Na yi wa'azi, na jawo aya a kan haƙƙin uwa ko da ba Musulma ba ce. Ta ce ta fi ni jin wa'azi, a Makka take. Na ce ciwo ya kwantar da ita. Ta ce Allah Ya ba ta lafiya, ta ci gaba da juya ƙosai. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce ba inda za ni, jirgi ya tafi ya bar ni, a kama mu tare.

"Ku biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso ku," na ce. "Ita ta ƙi karɓar Jibinta shekara bakwai wai sai kin yafe, Fada ya yi magiya ta ƙi, ke kuma kin zauna nan kina..."

Matsamin ya faɗi daga hannunta.

"Mi kika ce? Shekara nawa?"

"Bakwai."

"Har da Ista?"

Na ce ni ina na san Istarsu, na dai san ba ta tashi ko sau ɗaya ba. Lami ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ke ba ki gane ba," ta ce a hankali. "Ni na yi katikizim, karatun coci. Doka ce, ko mutum bai karɓa ba duk shekara, dole ya karɓa lokacin Ista. Inna ba ta taɓa taka doka ba tunda aka yi mata baftisma. Ko gishirin miyar nama ba ta ɗanɗanawa ran Juma'a." Ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa. "Sau bakwai ke nan ta taka. Saboda ni."

Ni da na yi wata da watanni ina kallon abin a matsayin tsananin Gwaggo ya ƙaru, ashe a idon wadda ta san gidan, karo na farko ke nan da Gwaggo ta ajiye doka ta ɗauki 'yarta. Na fito da waya na kira jikan Gwaggo da ke jinyarta, na ce ya kara mata a kunne.

"Inna," Lami ta ce, amma da faɗa ta fara. "Wace irin rigima ce wannan? Haram alaiki, kina so ki mutu ki bar ni da alhaki? Na yahe. Kin ji? Na yahe duniya da lahira. Khalas. Ki aika a kira Fada yau ɗin nan."

Na duba wayar ko katin ya ƙare. Sai muka ji muryar Gwaggo, siririya.

"Yaron nan. Mi aka sa mashi suna?"

Lami ta kifa kai a gwiwa. Ni na amsa, na ce Yasir. Muka ji tana maimaitawa sau biyu don kada ya kuɓuce mata.

Lami ta juye daddawa da kuka, ta wanke samirar ta cika ta da dabino ta ce in mai da, murfin kuwa ta riƙe. Ta haɗa mini da 'yar jarka ta zamzam, ta ce, "Ki ba ta in za ta sha. In ta ƙi kada ki matsa mata, na san hali." A dawowa ba wanda ya tsayar da ni a Jidda, Hajiya ma ta yarda ta sake zama kusa da ni.

Ko gida ban sauka ba na wuce ƙauye. Na tarar Fada ya riga ya kawo mata Jibi har gado. Ya ja ni gefe yana dariya, ya ce ya gaya mata marar lafiya ba sai ya yi azumi kafin ya karɓa ba, amma ta ƙi ko kurɓar ruwa tun jiya har sai da ya iso, wai haka aka koya mata. Ya ce shi dai ya sallama.

Na shiga na ajiye mata samira ba murfi. Ta shafa ɗigon fentin, ta ɗauki dabino ɗaya ta daɗe tana tsotsa. Sannan na fito da jarkar, na gaya mata gaskiya cewa ruwan zamzam ne, na Musulmi, daga rijiyar Harami, kuma Lami ta ce ba dole. Ta ce a miƙo mata moɗa.

"Gwaggo," na ce, "ga Fada a waje. Ba za ki fara tambayarsa ba?"

Ta karɓi moɗar da hannu biyu.

"Ɗiyata ce ta aiko," ta ce, ta shanye.